Tagiyar da Ta Raba Ɗakin Baba

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Ubangiji. "Kai wane," ko kau "ina wancan?" Bai ɗauke ni ba ina yaro, bai ci tuwo kwano ɗaya da ni ba. Kunya ce irin ta ɗan fari, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma abin da kai ya sani daban, abin da ciki ke ji daban.

Unguwarmu tana tsakanin Tafoki da Ruwan Godiya, gidaje goma sha wani abu, duk dangi. Kakanninmu Maguzawa ne. A zamanin Baba aka rarrabu: wasu suka musulunta, wasu suka tsaya bisa na gado, Baba da 'yan uwanshi kaɗan suka zama Kirista. Shi ya gina ɗakin addu'a da hannunshi, ɗakin ƙasa mai jinka, daga baya muka sa mashi kwano. Ba mu da fasto. Wa zai zo ya zauna cikin gonaki don mutum talatin? Ran Lahadi sai mu shimfiɗa tabarmi, maza gaba, mata baya, a yi waƙa biyu ko uku, sannan a yi shiru. Wanda ya ji yana da magana a zuciya ya tashi ya faɗa, ya zauna. Wata rana mutum huɗu su yi magana, wata rana ba ka jin komai sai takun kurciya bisa kwano. In Baba ya ga shirun ya isa, sai ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar wanda zai rufe da addu'a. Ba ya cewa uffan, dafawa kawai.

Shekara goma sha ɗaya kafaɗata yake dafawa.

Ban iya addu'a mai daɗi ba, ba zan yi ƙarya ba. Aji uku na yi a firamare Baba ya fidda ni in riƙe mashi garma. Addu'ata guda ɗaya ce kullum: ruwa, lafiya, a tsare mu daga mugun ji da mugun gani, amin. Amma duk mako ina jiran hannun nan. Hannu ne mai kaushi, da yatsa ɗaya a lanƙwashe tun da sa ya taka shi. Nan kaɗai jikin Baba ke taɓa nawa. Kuma kowa ya ɗauka, ni ma na ɗauka, wanda Baba ke dafawa shi zai riƙe ɗakin in ba shi.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara tara. Shi babu kunya tsakaninshi da Baba. Shi ake goyawa bisa wuya a kai shi kasuwar Sheme, shi ake ba saura a kwano. Ya gama makaranta, sannan ya tafi wajen Zariya shekara biyu koyon Littafi. Damina biyun nan ni na nome mashi gona, ni na ɗaure mashi dawa. Ya dawo a rame, da jakar littattafai da wata murya mai sanyi wadda ban san shi da ita ba.

Lahadin farko, ana cikin shiru, ya tashi. Ya tuɓe hularshi, tagiya muke ce mata a wajenmu, ya ninke ta ya saƙala a hammata. Ya yi magana bisa manomin da ke nome kan iyakar maƙwabcinshi ba a roƙe shi ba. Ba ta fi minti biyar ba. Mata na ta "uhm, uhm" a baya. Da lokacin rufewa ya yi, har na karkato kafaɗa kamar yadda na saba. Hannun Baba ya wuce ta bayan wuyana, na ji hannun rigarshi ya shafi kunnena, ya sauka bisa ƙanena.

Na ce ma raina baƙo ne, an karrama shi. Mako na biyu ma haka. Na uku ma haka. Kafin gero ya fidda kai na daina karkato kafaɗa.

Matata ta gane tun ban yi magana ba. Ta aje mani tuwo na ture, ta ce, "Maigida, miyar ce ba ta yi ba, ko addu'ar ce ta yi yawa?" Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Na shiga neman laifinshi kamar mai neman allura cikin ƙaiƙayi. Ba ya shan burkutu. Ba ya tsayawa da matan mutane. Kullum safe sai ya zo ƙofar gidana ya durƙusa, "Yaya, an tashi lafiya?" Har takalmin ruwa ya kawo mani tsaraba. Mutum sumul kamar sabuwar ƙwarya, babu inda za ka kama. Durƙuson nan nashi ma haushi yake ba ni. Ina ma ya raina ni sau ɗaya in samu abin riƙewa.

Sai na lura samari sun fara tuɓe tagiya in za a yi addu'a. Bai ce da kowa ya yi ba. Sun ga ya yi ne, suka bi.

Nan sai in koma baya kaɗan. Bayan dutsen unguwarmu akwai wata tsohuwar tsamiya inda kakanninmu ke yin yanka. A al'adarmu, namiji ba ya kusantarta da tagiya. Tun daga nesa za ka tuɓe ta, ka tuɓe takalmi, ka tafi a sunkuye kai tsirara. Na gani sau ɗaya ina yaro, Kaka ya tafi da ni. Baba shi ke riƙe ma Kaka wuƙa, shi aka shirya ya gaji wurin. Tun da ya bari bai ƙara bin hanyar ba, ko akuyarshi ta ɓata ta can sai dai ya aiki wani. Ba ya maganar, ba a kuma yi mashi ita.

Na san nan ne gyambon yake. Na kau sa yatsa.

Ran kasuwar Sheme na ɗauki Kawu bisa mashin. Kawu wan mahaifiyarmu ne, tare suka tuba da Baba, mutum mai faɗa da saurin hawa, wanda har yau in ranshi ya ɓaci da aradu yake rantsuwa. Muna cikin tafiya na ce, "Kawu, ban sani ba ko idona ne. Maza a sunkuye, kai babu tagiya, gaban abin bauta. Ina muka taɓa ganin irin wanga?"

Muka haye kwalbati. Sai ya ɗaka mani duka a baya. "Tsaya!"

Na taka birki. Ya sauka ya tsaya bakin hanya yana huci. "Aradu, gindin tsamiya! Yaron nan gindin tsamiya ya maido mu!"

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Sauran aikin kasuwa ta yi shi. Kafin a watse, duk tsohon unguwarmu da ya zo sayar da wake ya ji.

In faɗi gaskiya, ban yarda da abin da na faɗa ba ko na ƙwayar gero. Wanda ya halicci kan, tagiya ce za ta ɓoye mashi shi? Ni da tawa ke faɗuwa in gyangyaɗi ya kwashe ni cikin shiru, in ɗauka in kaɗe in mayar, ban taɓa jin sama ta tsage ba. Ba tagiya ce damuwata ba. So nake hannun nan ya dawo inda yake.

Lahadin da ta biyo, shirun bai yi nisa ba Kawu ya miƙe. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce su sun baro tsamiya da ƙyar, an zage su, an hana su mata, yanzu ɗan da suka haifa ya je birni ya kwaso masu ita cikin jaka.

Ƙanena ya tashi, tagiya a hannu. "Kawu, ka yi haƙuri. Akwai wurin da aka rubuta maganar rufe kai cikin Littafi, shi na bi. Amma ban ce kowa ya tuɓe ba. Ni dai haka ya fi kwanta mani."

Wani saurayi ya ce, "Buɗe ka karanta masu!"

Ya buɗe ya karanta. Na ga tsofaffi sun fara kallon juna, na ga abin zai mutu nan take. Sai na ji ni tsaye.

Na ce, "Wa ya san abin da ya karanta shi ne a rubuce? Mu nawa ne nan muka iya dibawa?"

Ƙanena na ce ma maƙaryaci, gaban ubanmu, cikin ɗakin addu'a. Ya dube ni. Ya miƙo mani Littafin da hannu biyu. "Yaya, ga shi, diba."

Har gobe ina jin ba da izgili ya yi ba. Amma samari suka fashe da dariya, don duk sun san sai na bi baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa kamar mai tsintar gyaɗa. Ban amshi Littafin ba. Na koma na zauna. Daga dariyar nan na daina wasa. Na shiga rigimar da dukan ƙarfina, har wani lokaci in manta ni na ƙirƙiro ta.

Ɗaki ya rabu biyu. Masu tagiya dama, marasa tagiya hagu, tsakani an bar fili kamar hanyar shanu. Mu muna ce masu masu ƙwalƙwal, su suna ce mamu 'yan tagiya. Matar Kawu ta ce daga baya, "To mu masu ɗankwali wane gefe za mu? Ko mu ma mu kwance ku ga abin da ba ku so?" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta gyara komai ba.

Abin ya fita daga ɗaki ya shiga gona. Ƙanena ya kira gayyar yankan dawa, ɓangarenmu babu wanda ya je, ni ma ina gida ina gyaran ƙotar da ba ta lalace ba. 'Ya'yan Kawu biyu, ɗaya namu ɗaya nasu, suna da shanun huɗa guda biyu na haɗin gwiwa. Suka yi faɗa suka raba, kowa ya ja sa ɗaya ya ɗaure a gidanshi. Sa ɗaya ba ya jan garma. Da damina ta faɗi dukansu da fartanya suka yi huɗa, shanun na tsaye suna cin harawa suna kallonsu. Dangimmu da suka musulunta suna wucewa suna tambaya, "Wai ku har yanzu ba a gama shari'ar hular ba?"

Duk wannan Baba bai ce komai ba. Ya daina dafa kowa, shi ke rufe addu'a da kanshi. A lokacin yanar ido ta fara rufe mashi gani, sai an ja mashi sanda. Da tsofaffi suka ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suka same shi suka ce ɗakinshi ne, ya yanke.

Ya yanke ran Lahadi, a zaune, don ƙafa ba ta ɗaukarshi. Ya ce, "Na tuɓe ma tsamiya tagiya tun ban yi gemu ba. Ran da na bar ta na ce na gama. A ɗakin nan, da tagiya za a yi addu'a." Sai ya lalubo da hannu, ya dafa kafaɗata.

Na yi addu'ar da ƙyar don daɗi. Na ci nasara.

Na ɗauka ƙanena zai mayar da tagiya bisa kai a wuce wurin. Kowa haka ya ɗauka. Amma da aka ce amin ya rarrafo gaban Baba ya ce, "Baba, in na mai da ita yanzu, na yarda ke nan abin da na yi tsafi ne. Ba tsafi ba ne. Ka yi mani izini mu riƙa yin tamu a gidana."

Baba ya ce, "Je ka."

Gidan ƙanena darni ɗaya ya raba shi da ɗakin addu'a. Suka kafa rumfar kara a tsakar gida. Samari duk suka bi shi, da yawancin mata, har da babbar ɗiyata. Matata ta tsaya. Ta ce, "Ina nan inda kake, Maigida. Amma kada ka tambaye ni ko ka yi daidai, don zan faɗa maka."

Muka rage mu goma sha ɗaya, yawanci masu tari. Shirunmu ya daina zama shiru, don waƙarsu na tsallako darni ta cika mamu ɗaki. Ba a yi wata ba Baba ya ce in mai da mashi buzunshi gindin taga ta gabas, wai can ya fi iska. Na mayar. Duk mako yana dafa ni, bai fasa ba ko sau ɗaya. Sai dai na lura yana saurin dafawa, tun shiru bai nuna ba.

Na ce bari in gyara addu'ata. Mako guda ina maimaita sababbin kalmomi a gona, ina faɗa ma karan dawa. Na sa maganar gafara, na sa maganar marasa lafiya da matafiya, har da waɗanda tashin hankalin daji ya kora daga gidajensu. Ran Lahadi ya dafa ni, na tashi na fara. Tana tafiya daidai, ban yi tuntuɓe ba. Ina tsakiyar magana, ban ko kai rabi ba, sai Baba ya ce da ƙarfi, "Amin!"

Na tsaya. A daidai lokacin, daga bayan darni, mutum ashirin suka ce amin tare da shi.

Addu'ar ƙanena yake bi. Tun da aka mai da buzun nan ita yake bi.

Kawu ya yi gyaran murya ya dubi rufin ɗaki. Ban san yadda na ƙarasa ba. Na koma ruwa, lafiya, mugun ji da mugun gani, na zauna.

Da aka tashi na kama bakin sandarshi ina gaba yana baya, za mu gida. Rana ta take. Sai da muka wuce rumbuna na ce, "Baba, ban gama ba ka ce amin."

Ya ce, "Ashe?" Muka ƙara taku kaɗan. "Kunnen tsoho ba shi da ƙyaure."

Ban shirya faɗa ba, ta fito da kanta. "Maganar tagiyar nan, ni na kai ma Kawu ita."

"Na sani. Kawunka bai taɓa yin tunani shi kaɗai ba tun muna samari."

Na tsaya cak har sandar ta zungure ni. "To don me ka yanke haka?"

Ya ɗaga fuska sama kamar yadda makafi ke yi. Ya ce, "In na yanke ɗayan, kai za ka fita. Kai kau in ka fita ba ka da inda za ka. Shi yana da."

Ya girgiza sandar, alamar in ja mu tafi. Na ja.

Matata ta ce wannan magana so ce, in ban gane ba to kaina ne dutse. Wataƙila. Ni abin da na ji shi ne an auna mu biyu an ga wanda ba zai iya tsayuwa shi kaɗai ba. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Kwana shida ina juya ta a gona. Na ga ko me na yi, ba zan iya sa tsohon nan ya ji addu'ata kamar yadda yake jin ta ƙanena ba. Abin da kawai zan iya shi ne in ci gaba da tsare shi gindin taga yana satar ji kamar ɓarawo cikin ɗakin da ya gina.

Da Lahadi ta zagayo na ja sandarshi, na wuce ƙofar ɗakinmu ban tsaya ba. Ya ji ƙasar ta canza a ƙafarshi. "Kai wane, ina za mu?"

Na ce, "Inda iska ta fi."

Ya biyo ni. Ƙanena ya hango mu ya fito da sauri, kai babu tagiya, ya durƙusa. Na miƙa mashi bakin sandar.

"Yaya, shigo mana. Don Allah."

"Ina da mutane na jirana."

Na tsaya dai har na ga an zaunar da shi. Da tagiyarshi ya shiga, da ita ya zauna a gaba, babu wanda ya ce mashi ya tuɓe. Tun farko ma babu wanda ya taɓa cewa. Na juya na koma ɗakinmu, na iske tsofaffi tara suna kallon ƙofa. Kawu ya ce, "Ina shi?" Na ce yana maƙwabta. Ya buɗe baki zai yi aradu, ya dubi fuskata, ya rufe.

Baba ya ƙara damina biyu. Duk Lahadi ni ke kai shi ƙofar rumfa, ƙanena ya maido shi. Da ya rasu ni na haƙa kabarin, ƙanena ya yi addu'a. Ni na ce ya yi. Kowa da abin da ya iya. Mutane suka yi ta kuka da addu'ar, har danginmu Musulmi da ke tsaye gefe suna share ido, ni kau ina riƙe da shebur ina jin ɗacin nan na hawowa kamar kullum, a bakin kabarin ubana. Ban ji daɗin kaina ba, amma haka aka yi.

Yanzu rumfarsu ta zama gini, da benci da lasifika. Wasu cikinsu na addu'a da tagiya, wasu babu, ba mai kallon kan wani. Ƙanena furfura ta fito mashi, amma bai fasa zuwa gaishe ni da safe ba. Duk shekara bayan kaka sai ya ce, "Yaya, a haɗe mana. Kujerarka na nan a gaba." In ce sai na yi shawara. Babu wanda zan yi shawarar da shi. Na san dai in na shiga, za a zaunar da ni a gaba da girmamawa, in saurare shi duk mako har in mutu, kuma zai yi daɗi. Daɗin ne ba zan iya ba.

Tsofaffin namu sun tafi ɗaya bayan ɗaya, wasu ƙasa, wasu Faskari wajen 'ya'yansu. Lahadin da ta wuce an kwana ana ruwa, matata na fama da ƙafa, daga ni sai Kawu muka zo. Ya kurumce yanzu, lasifikar ma ba ya jinta. Muka yi waƙa ɗaya, kowa da inda ya ja tashi. Muka yi shiru. Kwano na yoyo a kusurwa, na tashi na tara tasa na dawo. Muka ƙara zama.

Can Kawu ya juyo ya ce da ƙarfi, "Wa muke jira?"

Na ce babu kowa.

"Me?"

"Babu kowa, Kawu!"

"To rufe mana, ƙafata ta yi sanyi."

Na tashi na rufe.